Kada a Cire Tarin Inna

Zuwa ga ƙanena Musaddiq,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Zulfa da yara, kuma ruwan bana bai ci muku shinkafar fadama ba. Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri. Ni dai ga ni nan a Ingila, shekara goma sha ɗaya ina ɗaga tsofaffi ina kwantarwa, bayana ya gama gajiya.

Yaya Kulu ce ta faɗa mini, ba kai ba, wai za ka kai kaset ɗin marigayiya Inna situdiyo a Kano, a cire tarinta, a gyara muryar da kwamfuta, a sa mata kiɗa, sannan a yar da tsohon tunda rediyo ta fara cin zarensa. Na saba jin labarin gidanmu a bakin wani, ba wannan ya sa na ɗauki biro ba.

Akwai wani tsoho a inda nake aiki, kullum bayan abincin rana sai na sa masa faifai ɗaya, waƙar jaz ta wata baƙar Ba'amurkiya da ta daɗe da rasuwa. Da farko haushi take ba ni, yanzu na haddace ta. Fiyano ke farawa shi kaɗai, a hankali. Mai ganga ba ya duka, shafar fatar yake kamar ana sharar tsakar gida. Ita kuwa ba ta shiga inda kake zato. Sai kiɗan ya wuce ta da taku ɗaya sannan ta biyo, kamar ba ta son faɗin abin da ke bakinta. Kana jin ta tana jan numfashi. A baiti na uku ta kai sama, muryar ta tsage, ta yi shiru, sai wani ƙaho da aka toshe wa baki ya riƙe mata amshi har ta dawo. Tsohon ya ce an nemi ta sake rerawa ta ƙi, kuma shi wannan tsagewar yake jira duk ran da aka sa faifan.

Ka tuna ran da Kawu Bakari ya ɗauki muryar Inna a kaset ɗin nan a garin Guri, tana waƙa tana bandar kifi. Hayaƙi ya shaƙe ta, ta yi tari, ta yi dariya, ta ce wa Yaya Kulu ta juya tarwaɗar nan kada ta ƙone, ta ci gaba daga inda ta tsaya. In aka cire wannan, muryar kowace mace ce.

Ba ni da bakin ba ka umarni. Kai ka yi jinyarta, kai ka sa ta a kabari, ni ina nan ina wanke iyayen wasu. Kaset naka ne. Ka yi na situdiyon, yara su ji a waya. Amma kafin kowa ya taɓa shi, a kwafe mini yadda yake, da tarin da kukan kajin da ke ciki, ka turo. Ban ji tarinta na ƙarshe ba, Musaddiq. Ka bar mini wannan.

Ka gaishe mini da Kawu Bakari, da Yaya Kulu, da Zulfa da yara. Allah Ya jiƙan Inna.

Yayanka,
Tukur