Baba, Na Sayo Bel Ɗin Motarka

Zuwa ga mahaifina, Alhaji Mamman mai hatsi na Barkiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke yi wa mahaifinsa a durƙushe, ina sanar da kai cewa Inna tana nan lafiya, ta fita takaba. Su ƙanwata Binta ma lafiya lau. Na san wasiƙar nan ba ta da mai kai ta, amma akwai aiken da ka yi mini ban cika ba sai makon jiya, kuma ban saba cika aikenka in yi shiru ba.

Tun kafin a yanke gero bara ka yi mini maganar. Na zo gida ranar Juma'a daga Dutsin-Ma, na same ka gindin darbejiyar ƙofar gida, ka ɗaga bonat ɗin tsohuwar motarka mai shan gas. Ka ce Malam Iro bakanike, amininka na Kurfi, ya duba bel ɗin taimin ya ga ya fara tsattsagewa. Ka ce, "Mannir, in aiki ya kai ka Katsina ka sawo mani sabo. Motar gas ba ta wasa da wanga bel. In ya tsinke tana tafiya, fistin zai daki bawul, injin ya tashi aiki gaba ɗaya." Na ce to.

Sau huɗu ofis yana tura ni Katsina bayan nan. Na farko na manta. Na biyu rana ta yi mini. Sauran biyun ba ni da ko uzurin da zan faɗa. Duk zuwan da na yi gida sai ka dubi hannuna, ka ce, "Ba komai, sai wani jiƙon." Da ka yi mini faɗa ko sau ɗaya, da ya fi mini sauƙi yanzu.

Safiyar da ciwon ƙirji ya kama ka, ni na tuƙa. Kana kwance a baya, kanka bisa cinyar Inna. Da muka fita daga burji muka hau kwalta na taka mota sosai, sai na ji muryarka ƙasa-ƙasa: "Sannu-sannu dai. Bel ɗin nan bai da ƙwari. In ya yanke mana cikin daji, wa zai ɗauke mu?" Na ɗaga ƙafa. Haka muka lallaɓa har asibiti a Dutsin-Ma, masu babur suna wuce mu. Ba ka kai azahar ba.

Likita ya ce ko da gudu muka zo, abin da zai faru ke nan. Liman ya ce ajali ba ya jiran mota. Na yarda, Baba, wallahi na yarda. Amma har yau in na bi hanyar nan sai in ji ƙafata ta yi nauyi.

Wata biyar motar tana gindin darbejiya, har kaji suka mai da ƙarƙashinta gida. Baffa Sada ya ce a sayar da ita a huta. Mu kuwa muka ce a bar wa Inna, don hawan jininta ya matsa, duk bayan mako biyu sai an kai ta ganin likita, kuma bayanta ba ya ɗaukar babur a hanyar Barkiya. Ga damina tana tahowa. Don haka na shirya na tafi Katsina, ba don aikin ofis ba.

Mai shagon kayan gyara ya jera mini bel uku. Ɗaya cikin kwali mai sheƙi, ɗaya cikin kwalin da ya koɗe don daɗewa, na uku kuma beljiyam, wanda aka ciro daga wani injin. Ya tambaye ni, haƙora nawa? Masu zagaye ko masu kusurwa? Shekara ashirin motar nan tana gidanmu, ta kai ni makaranta, ta kawo mini garin tuwo har ɗakin kwanan ɗalibai, ban taɓa sanin bel yana da haƙora ba. Na dawo hannu rabbana.

Washegari muka ja motar da igiya zuwa garejin Malam Iro. Da ya kwance murfin da ke rufe bel ɗin, sai ya miƙo mini. A cikinsa ga rubutunka na ajami da farin fenti: ɗari da talatin da shida, yawan haƙoran bel ɗin ke nan. Ƙarƙashinsa layi uku, kowane da watan da ka canza bel. Na gane yadda kake jan wutsiyar harafi. Na zauna kan wata tsohuwar taya riƙe da murfin.

Malam Iro ya bar ni sai da na natsu, sannan ya koya mini abin da ka sani. In ƙirga haƙoran da hannuna, kada in yarda da abin da aka buga a kwali. In gwada faɗinsa da na tsohon. In lanƙwasa shi ta baya, in na ga robar ta yi fari ko ta buɗe baki, ya tsufa a shago, in ajiye. In haɗo da tenshina, ƙaramar tayar nan da ke ɗaure bel, da famfon ruwa, don sabon bel bisa tsofaffin kaya wahalar banza ce. Da na tambaye shi na beljiyam fa, sai ya ce, "Alhaji yakan ce abu biyu ba a sayen na hannu, bel ɗin taimin da likkafani." Yana faɗa ya kau da kai, ya shiga goge sifana da ba ta da datti.

Na koma Katsina da tsohon bel cikin leda. Na zauna kan benci na sa alli ina ƙirgawa. Mai kwali mai sheƙin nan haƙoransa masu kusurwa ne, ba namu ba ne. Mai koɗaɗɗen kwali ya buɗe baki tun lanƙwasar farko. A shago na uku na sami daidai. Na duba agogo, Baba, duka-duka ko awa ɗaya ban yi ba. Awa ɗaya ka roƙe ni.

Ranar Asabar Malam Iro ya gama. Ya saita alamomin, ya juya injin da hannu sau biyu kafin ya yarda in murza makulli. Bugu ɗaya ta tashi.

Bayan la'asar na iso gida. Ban gaya wa kowa yau za ta dawo ba. Ina tsayawa ƙofar gida, ban ko kashe injin ba, sai ga Inna a bakin zaure da kwanon shanka cike da ruwan randa. Binta ta ce Inna tana tsakar gida tana tankaɗe ta jiyo ƙarar motar tun daga kwanar masallaci, ta miƙe ta nufi randa. Inna ta tsaya tana kallona cikin mazauninka. Na ga lokacin da ta tuna. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙo mini kwanon, ta ce, "Karɓi ka sha, ai na riga na ɗebo."

Na shanye duka, Baba.

Ka yafe mini jinkirina. Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Allah Ya karɓi guminka a matsayin ibada, Ya ba ni ikon riƙe Inna da hannu biyu, Ya haɗa mu a Aljanna Firdausi. Amin.

Ɗanka,
Mannir
Dutsin-Ma