Rigar Baba a Ingila

Ingila, Oktoba 1956

Zuwa ga ƙanwata Safara'u, a Wudil.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen gida. Yaya kaka, an fara yankan dawa? Mu ma lafiya lau, maigidana Malam Halliru yana ta karatunsa na aikin dabbobi.

Nan ma kaka ce, in ji su. Ganyen itatuwa ya yi ja kamar an sa masa lalle, ya zube, mutane su yi ado su je kallonsa. Ba mai shanya shi, ba mai miya da shi, ruɓewa yake a ƙofar gida yana wari. Tuffa ma haka take zube. Maƙwabciyarmu ta kawo mini wata a gashe cikin fulawa, na yi godiya, amma ban ci ba, don ban san man da ta sa ba. Gasasshen dankalinsu dai na ci, ba laifi.

Albishirinki, na sauke wasiyyar Baba, Allah ya jiƙansa. Kin tuna ya ce rigarsa ta saƙi a ba wanda sanyi ya dama. Shekaranjiya da yamma na ga yaran unguwa suna tura wani bawan Allah a amalanke suna nema masa taimako, ya langaɓe cikin tsumma, hula ta rufe masa ido. Ban kalli fuskarsa ba, namiji ne ba muharramina ba. Na miƙa wa yaran rigar daga bakin ƙofa, suka yi ta murna.

Ki gaida Inna Mairo. Yayarki, Barakatu.

Ingila, Nuwamba 1956

Safara'u, ina gaishe ki, ina fatan kowa lafiya. Ni jikina lafiya, zuciyata ce ba daɗi.

Jiya bayan magariba Malam ya kai ni kallon wani bikinsu a fili. Sun tara itace ya fi rumbu tsawo, ga abin wuta yana fashewa a sama kamar bindiga. A ƙolin itacen nan na hango rigar Baba. Na gane ta da aikin wuyan da ya yi da hannunsa.

Ashe wanda na gani a amalanken nan ba mutum ba ne, 'yar'uwa. Ciyawa ce aka cusa a wando aka yi mata kai, wai siffar wani da suke ƙi tun zamanin kakanninsu. Suka cinna wuta, manya da yara suna tafi, suna cin alewa. Rigar da Baba ya yi shekaru yana limanci da ita. Na juya baya na koma gindin wata bishiya.

Malam ya ce ba da mugunta suka yi ba, kuma Allah niyya yake dubawa. Na sani. Amma Baba cewa ya yi a ba mai jin sanyi, kuma har yau ba wanda ya ji ɗumi.

Don Allah ki buɗe adakata ki ɗauki bargona sabo, ki kai wa Maikano makaho da ke zama a bakin kasuwar shanu, da sunan Baba. Kada ki aiki kowa. Ki gaishe shi, ki tsaya sai ya amsa, sannan ki miƙa.

Allah ya sada mu da alheri. Ni ce yayarki, Barakatu.