Ampilin Baba Isufu ya koma yadda ya zo

Daren Asabar, Tanut.

Kaina ciwo yake. Baba Isufu, mai shelar dabbobin da suka ɓata a kasuwa, ya dawo da ampilin lasifikarsa da na gyara masa, yana faɗa.

Da can in ya ɗaga murya farat ɗaya, 'yar ƙwayar lantarkin da ke cikin ampilin ba ta iya bin sautin da sauri. Sai ta ja ƙafa, maganar ta fito a farfashe kamar ana yaga buhu. Har Damagaram na aika aka kawo mini wata mai sauri, na sa. Murya ta fito tas, ni kaina na ji daɗi.

Wai ya yi ta shelar raƙumar wani mutumin Tarka, ko makiyayi ɗaya bai waiwayo ba. "Ɗana, cewa suke rediyo ne! Da waccan karcewar suka san ni. Maido mini muryata."

Na yi bayani har yawuna ya ƙafe, ko a jikinsa. Haka na durƙusa ina tonon shara, na nemo tsohuwar ƙwayar, na mayar da ita, na liƙe da dalma. Ya gwada, kunnena kamar zai tsage.

Ya yi murmushi ya ce, "Yawwa, yanzu ka yi gyara."