Hoton Saniyar da Hajjo Ta Ce a Aika

Kabo, Jihar Kano.

Zuwa ga Baffana Sajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Badi'a da ƙannena Zayyad da Kamila. Yaya Fatakwal, yaya kasuwa, yaya kuma ruwan saman da aka ce ba ya ɗaukewa a can? Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a inda kuke, ya sa albarka a nema. Mu ma nan lafiya lau muke. Baba ya fara yankan gero a gonar Gude, kuma bana an gode Allah. Umma ta rabu da ciwon haƙorin da ya dame ta, Yaya Ahmad yana taya Baba aiki kafin su koma makaranta. Ni kuma na shiga aji biyar na sakandare.

Baffa, ban san yadda zan gode maka ba game da wayar da ka aiko mini ta hannun Malam Datti, direban motar shanu. Baba ya ce ba za a sa mata layi ba sai na gama makaranta, don haka hoto kawai nake ɗauka da ita, shi ya sa ma na rubuto takarda. Na ga hotunan da ka bar mini a ciki, kuma kusan na haddace su. Akwai na gada, da na kwalekwale mai inji cike da mata da kwanduna, da na cocin nan mai doguwar hasumiya da ke kallon shagonka. Ina da tambayoyi, ka yi haƙuri da ni. Gilasan tagoginsa masu launi-launi, in mutum yana ciki, hasken da ke shigowa shi ma ja da shuɗi yake zama? Ƙararrawar da ke sama, hawa ake yi a kaɗa ta ko igiya ake ja daga ƙasa? Sannan matan nan masu manyan ɗaurin ɗankwali da ka ɗauka suna fitowa ranar Lahadi, izini ka nema kafin ka ɗauke su? Na ga duk suna dariya suna kallonka. Akwai wata malamarmu 'yar bautar ƙasa da na san za ta iya ba ni amsa, amma duk lokacin da na je bakin ofis sai kunya ta kama ni na juyo.

Ni ma na ɗan ɗauki nawa. Ranar da na raka Umma Gwarzo na ɗauki tasha, da wata a-kori-kura da aka lafta wa rake har ta karkace, da wani ɗan acaba da ya ɗauko tsoho, tsohon kuma ya rungumo tunkiya. A hanyar Gammo na ɗauki amalanken shanu cike da dammunan gero. Na gano cewa in rana tana bayana hoto ya fi fita, in kuwa tana gabana mutum baƙi ƙirin yake zama. Matsalata ita ce ba na iya cewa mutum ya tsaya, sai ya wuce nake dannawa. Yaya Ahmad ya duba wayar ya ce a duk faɗin Kabo babu wanda ya kai ni tara hoton ƙeya.

Yanzu sai maganar saƙonka. Malam Datti ya faɗa mini ka ce abu ɗaya kake so, wato hoton fuskar Hajjo, a wanko shi babba ka rataye a shago, domin rabonka da ganin mahaifiyarka an daɗe, kuma ko a waya ba ta yarda ta yi magana da kai. Na ɗauka aiki ne mai sauƙi. Da muka je Gude taya aikin gero, na tarar da ita a tsakar gida tare da matan maƙwabta suna sussuka. Ni da ba na iya magana cikin mutane, ranar sai bakina ya buɗe don murna. Na ce mata ta gyara zama, Baffa Sajo ne yake son hotonta. Hajjo ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ita ba ta san wanda nake nufi ba, ta juya ta fuskanci rumbu. Matan suka fashe da dariya, wata ta ce yaran boko sai a hankali.

Daga baya Umma ta ja ni ɗaki ta tuna mini cewa kai ne ɗan farin Hajjo. Na san ba ta kiran sunanka, kullum sai dai ta ce mutanen can, amma wallahi ban san kunyar ta kai har ga hoto ba. Umma ta ce da na ce ni nake son hoton, da tuni an wuce wurin, amma tunda na ambaci sunanka a gaban mutane, in ta zauna aka ɗauka, kamar ta tsaya a bainar jama'a ne ta ce tana kewar ɗanta. Baffa, da gaske ne ko kana jariri ba ta taɓa yi maka wasa a gaban mutane ba? Kai a lokacin yaya kake ji? Na yi ta tunanin wannan abu, ban sami wanda zan tambaya ba.

Na gwada ɗaukarta ba ta sani ba. Abin da na samu shi ne hannunta a kan ƙwarya, da gefen mayafi, da bayanta tana shiga ɗaki. Ashe duk tana lura. Ta sa mini suna 'yar leƙen asiri, ta ce in ban kiyaye ta ba za ta tsoma wayar cikin kindirmo ta ga ko a can ma tana gani. Baba kuma ya ce in daina, ba tarbiyya ba ce a ɗauki babba ba da yardarsa ba. Na daina, amma raina ya ɓaci, don Malam Datti ya riga ya aiko cewa sun kusa lodin shanu, kuma ba na son ya iso wurinka hannu wofi.

Wata la'asar ina zaune a gindin darbejiya ina kallon hotunanka, sai ta zo ta zauna tana tsinkar zogale, ta tambaye ni me nake ƙura wa ido haka. Na miƙa mata. Ka san idonta ya yi rauni, sai ta kai wayar dab da hanci. Ta ga kwalekwalen, ta ce waɗannan mutane ba sa tsoron Allah ya kifar da su. Ta ga cocin, ta tambaya ko gidan gwamna ne. Na ce mata wurin ibadar Kiristoci ne. Ta daɗe tana dubawa, ta ce maginin ya iya aikinsa, sannan ta tambaya ko mutanen wurin suna riƙe baƙo da mutunci. Na gaya mata abin da Malam Datti ya ce, cewa maigadin cocin ne yake duba maka shago in ka tafi Juma'a. Ta ce Allah ya saka masa da alheri. Daga nan sai hotonka ya fito, kana tsaye a ƙofar shago. Na yi sauri zan wuce shi, sai ta riƙe mini yatsa, ta ce buhunan da ke wurin take son gani. Ta jima tana ganin buhunan nan, Baffa. Da ta miƙo mini wayar, abin da ta ce kawai shi ne furfura tana saurin kama mutanen can.

Washegari da hantsi ta aiko a kira ni. Ta ce farar saniyar nan, jikar karsanar da aka ba ka ranar sunanka, ta haihu, kuma ya kamata mai abu ya ga abinsa, don haka in zo in ɗauke ta a aika wa mutanen can. Da na isa turke, sai na tarar da Hajjo cikin atamfarta ta Salla, ta sa kwalli, ta sa awarwaronta na azurfa. Wannan karon na kama bakina. Ta ce saniyar ba ta tsayuwa sai ita ta riƙe ta. Ta kama igiya, ta tambaye ni ta wane gefe hasken zai fi yi wa saniyar kyau. Na juya su, rana ta koma bayana. Ta gyara mayafi, ta ɗaga kai, ta dubi wayar kai tsaye. Na danna.

Shi ne hoton da ke cikin babban ambulan, na kai Gwarzo an wanko shi. Za ka ga saniyar ta kau da kai, rabinta ma bai shiga ba, ɗan maraƙin kuwa jelarsa kawai ta fito. Na nuna wa Hajjo ina tsoron ta ce a sake. Ta kai shi dab da ido, ta ce saniya ta fito sosai, a aika haka. Don Allah Baffa, in za ka ba Malam Datti amsa, ka ce ka ga saniya, kuma ka ji daɗin yadda ka same ta. Kada ka ƙara komai a kai, za ta gane.

Baba da Umma da Yaya Ahmad suna gaishe ka ƙwarai. Ka gaishe mini da Anti Badi'a, ka ce wa Zayyad da Kamila hoton tunkiyar kan babur nasu ne. Hajjo ba ta ce a gaishe da kowa ba. Ta dai ba da kwalbar man shanu a kai wa yara, kuma tun jiya take tambayata ko motar Malam Datti ta tashi.

Allah ya sada mu da alheri.

'Yarka,
Khairiyya Jibirin