Ƙofar da Nake Rufewa Bakwai da Rabi

Litinin, 20 ga Janairu, 2025

Bari in rubuta da kaina, tunda ba wanda zai rubuta mini. Ni Haladu Auta a aji uku na sakandare na tsaya, shekarar da mahaifina ya rasu. Na kora shanun mutane a Kara, kasuwar shanun Wudil. Na yi dako. Na yi yaron mota, daga baya na sayi motar. Na turke sa ɗaya, yau bijimaina sun cika garke. Na gina gida, na je Makka, na kai gyatumata. Filin da makarantar nan take a kai nawa ne, bulon nawa ne, kwanon rufin nawa ne, har mangwaron harabar da hannuna na dasa. Sai daga baya gwamnati ta turo mana 'yan malamai, sauran malaman kuwa kwamiti ne ke ɗauka, kwamitin kuwa ni ne shugabansa. Ba kawu, ba ɗan siyasa, ba ubangida. Allah kaɗai.

Abin da ya sa na tuna duk wannan, sakamakon kwalifayin ya fito yau, jarrabawar da jiha ta yi wa yaranmu a ƙarshen aji biyar. Wanda ya ci, gwamnati ta ɗauke masa nauyin jarrabawar fita. Wanda ya faɗi, sai ubansa, in yana da hali. Malam Saifuddeen shugaban makaranta ya bugo mini, muryarsa ƙasa-ƙasa. Na ce ya bari sai gobe.

Talata, 21 ga Janairu

Daga Kano an ce kowace makaranta ta rarraba sakamakonta kashi-kashi, ta kuma rubuto dalili. Maza da mata kusan kunnen doki suka yi, ba abin magana a nan. Ajin A, wato 'ya'yan cikin gari da 'ya'yan ma'aikatan jami'a, su arba'in da ɗaya, talatin da bakwai sun ci. Na ce alhamdu lillahi. Sai Malam ya juyo ɗaya takardar.

Ajin B, yaran Darki da Ɗankaza da ƙauyukan wajen, su arba'in da huɗu. Biyar.

Na ce ya sake karantawa. Biyar ɗin ne dai. Lissafi da Turanci ne suka kayar da su, kusan dukkansu.

Har da Garzali ɗan Malam Ƙasimu na Ɗankaza. Yaron da ya zo na ɗaya a aji uku, na ba shi kyautar keke da hannuna a gaban iyaye. Sai da na bi sunayen da yatsa, ko an yi kuskure.

Laraba, 22 ga Janairu

Ban ci abincin rana ba. Na ce wa matata Hajiya Suwaiba cikina ne.

Asabar, 25 ga Janairu

Kwamiti ya zauna a ƙarƙashin mangwaro. Kowa na kallon bakina, kamar kullum. Magana ta tsaya a kan Malama Rifkatu, ita ce uwar ajin B, ita ke koya musu lissafi, kuma mu muka ɗauke ta, ba gwamnati ba. Mijinta a jami'a yake aiki, mutanen Gwambe ne. Wani ya fara cewa ai dama ba 'yar nan ba ce, na katse shi. Ni ba na son irin wannan zancen, a Kara na yi ciniki da kowane irin mutum. Amma aiki aiki ne. Aji ɗaya ya ci, aji ɗaya ya faɗi, sai a dubi wanda ke riƙe da ajin. Mun tsayar za a sallame ta, Malam Saifuddeen kuma ya sa a rahoton Kano cewa sakacin malamar aji ne.

 Malam sai murza biro yake.

Litinin, 27 ga Janairu

Malama Rifkatu ta zo ofis. Ta gaishe ni yadda ya kamata, har da tambayar Hajiya. Ba kuka, ba roƙo, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ta ce, "Baba Alhaji, ba na jayayya da ku. Amma ƙarfe takwas in na shiga aji, kujeru nake koya wa lissafi. Yaran suna waje da lauje."

Na ce doka ce. Ni na kafa ta tun ranar da aka buɗe makarantar: bakwai da rabi Bilya maigadi ya rufe ƙofa. Wanda ya makara, da damina ya yanki ciyawa, da rani ya ba mangwaro ruwa, sai an fito hutun ƙarfe tara ya shiga aji. Lissafi da Turanci kuwa da sassafe ake yin su, lokacin da kai yake da sanyi. Haka aka yi mana. Kuma ni na ce a haɗa 'yan ƙauye a aji ɗaya don kada masu makara su riƙa katse wa sauran karatu. Tsari ne.

Ta ce sau biyu ta roƙe ni a mayar da lissafin ajin B bayan tara. Na tuna. Na ce mata a lokacin makaranta ba kasuwa ba ce da kowa zai zo sanda ya ga dama.

Da za ta fita ta ce, "Allah ya huci zuciyarku." Ni na ce mata fushi nake?

Laraba, 29 ga Janairu

Ina ba Hajiya labari, na ce ni duk zamana a makaranta ban taɓa makara ba ko sau ɗaya. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Alhaji, ai gidanku a bayan makarantar yake. Kai ka ce mini ta katanga kake dirowa."

Mace in ta ga dama.

Juma'a, 31 ga Janairu

Kasuwa ta cika. Ina tsakiyar duba wani farin sa, sai ga Malam Ƙasimu yana tura keke. Na gane keken tun daga nesa, jan fentin ya koɗe, an ɗaure sirdin da roba. Muka gaisa, ya tambayi gida da iyali da kasuwa, bai rage komai ba. Sannan ya jingine keken a jikin motata.

Ya ce Garzali ya bi tirelar shanu kudu tun ranar Talata. Ba wanda ya kore shi. Cewa ya yi ba zai zauna a sayar da akuyoyin uwarsa a kan jarrabawar da ya san ba zai ci ba. Ya bar saƙo a mayar wa Alhaji kekensa, don na karatu ne, shi kuwa ya daina.

Na ce keken kyauta ne, ba a mayar da kyauta. Ya ce, "Haka na faɗa masa, Alhaji." Sannan ya ce, ba da faɗa ba, har da ɗan murmushi, "Yaron nan fa ya iya yankan ciyawa yanzu. Duk Ɗankaza ba kamarsa. Mun gode."

Da zagina ya yi, da na san abin da zan ce masa.

Na san hanyar kudu a bayan tirela. A saman katako ake kwana, shanu a ƙarƙashinka, in ɗaya ta faɗi kai za ka sauka ka tashe ta mota na gudu. Na yi ta. Don kada ɗan wani ya sake yin ta na sayi bulon farko.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Keken yana zaure. Jikokina sun so su hau, na daka musu tsawa, har ƙaramar ta yi kuka.

Talata, 4 ga Fabrairu

Bayan asuba na tafi Ɗankaza. An ce akwai wani bijimi na sayarwa, shi na je gani, ba wani abu ba.

Gari bai gama wayewa ba, yara suna cikin fadama suna ban ruwan tumatir. Wasu da wandon makarantarmu a naɗe zuwa gwiwa. In ba a ba da ruwa kafin rana ta ɗaga ba, shukar ta ƙone, wannan ko ni na sani. Suka gama, suka ɗauraye ƙafa a bakin rijiya, suka hau kekuna. Wata yarinya, Hansai aka ce sunanta, ta goyo ƙanwarta a baya, littattafai a leda a rataye a wuya. Ba wanda ya tsaya wasa. Gudu suke kamar an biyo su.

Ban wuce su ba. Na biyo su a baya a hankali har bakin makaranta. Muka tarar an rufe. Bilya na hango motata ya taso da gudu ya wangale ƙofar, "Barka da asuba, ranka ya daɗe!" Ina shiga ya mayar ya datse, ya fara miƙa musu bokitai ta ƙaramar ƙofa.

Ta tagar ajin B na hango Malama Rifkatu a gaban allo. Yara shida a gabanta. Tana koyarwa kamar ajin a cike yake, alhali saura kwanaki ta tafi.

Bijimin ban ma tambayi gidan mai shi ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na shiga garke da yamma. Busasshiyar ciyawar da bijimaina suke ci, ta harabar makaranta ce, wadda aka tara da damina. Ni na ce a riƙa kawo ta nan don kada ta lalace a banza. Sun yi ƙiba, tabarkalla. Ban daɗe ba na fito.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Kwaɗon ƙofar makaranta ya fara tsatsa, na karɓe shi daga hannun Bilya. Ban sayi sabo ba tukuna. Ba ni da lokaci. Na kuma ce wa Malam Saifuddeen ya gwada lissafin ajin B bayan tara, gwaji kawai, don a rufe bakin mutane. Malama za ta ci gaba da riƙe su, ba a canza wa yara malami a tsakiyar zango. Ta ce na gode, na ce ba alfarma na yi mata ba.

Na ba direbobin kudu lambata, duk wanda ya ga yaron ya ce masa kekensa ya tare mini zaure. Har yanzu shiru.

Malam ya kawo rahoton Kano in sa hannu. An buga: sakacin malamar aji. Na ce malamar aji ce ta sayi filin? Ita ta kafa ƙofar? Ita ta ce bakwai da rabi? Tun da aka aza harsashin makarantar nan ba a taɓa yin wani abu a cikinta da shawarar kowa ba sai tawa, ba kuma yau za a fara ɗaukar aikina a ba wata ba. Ya ce, Alhaji, wannan takardar fa ajiye ta ake yi. Na ce don haka nake so.

A goge nata. A wurin dalili a rubuta sunana cikakke, da manyan baƙaƙe: Alhaji Haladu Auta Wudil. Shi kaɗai, ba da taimakon kowa ba.