Hayaƙi a Tiyon Tanki

Maman yara,

Na fita kina barci. Jiya na ji yabon da kika yi ta zuba wa sabon bakaniken nan, wai ya hura hayaƙi a tiyon tankin motarki, ya gano inda tururin fetur ke zurarewa.

Da safe na leƙa ƙarƙashin motar. Da gaskiyarsa, tiyon ne ya tsage, ni kuwa murfin tanki na yi ta canja miki. Ya iya aiki, ban musa ba.

Amma in fitilar injin ta sake kamawa, ki fara gaya wa bakaniken da kika aura.

Kular abincin da kika ajiye masa kuwa, kada ki neme ta. Na tafi da ita gareji.

Maigidanki