Tanon ruwan kawuna da darasin fizik

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake.

Ni ɗaliba ce a tarminal, ajin ƙarshe na sakandare, daga Bambeye nake, ina zaune gidan kawuna nan Tawa saboda lakwal, wato makarantar boko. Kawu ya daɗe yana aiki arewa wajen haƙar ma'adinin iraniyom, da ya dawo ya zo da wani tanon ƙarfe, wato duro, da ya saya hannun masu tsofaffin ƙarafa can, a ciki muke tara ruwan sha, mu da yara duka.

Watan jiya mushe, malaminmu na fizik, ya shiga darasin radiyo'aktibite. Ya ce cibiyar ƙwayar zarra ta iraniyom ba ta zaune lafiya, tana farfashewa da kanta, tana fitar da alfa da beta da gama, ba a ganinsu, ba su da wari, kuma tafasa ruwa ba ya kashe su, kafin rabinta ya ƙare duniya ta tsufa. Ya ce ƙarfen da ya yi aiki cikin ma'adinin yana iya ɗauko ƙurar, amma ba kowane ba, sai an auna da na'ura ake sani. Ina zaune kan benci tanonmu kawai nake gani.

Da na koma gida na faɗa wa kawu cikin ladabi, har durƙusawa na yi, na ce a daina sha ciki har a samu mai aunawa. Wallahi kamar na zage shi. Ya ce wato shi ke kashe iyalinsa, shi da ya shaƙi ƙurar nan da hancinsa bai mutu ba sai ni mai karatun allon lakwal zan koya masa. Ya ɗebi kofi ya shanye gabana, ya ɗebo wani ya miƙa wa autansa mai shekara huɗu. Nan ne na yi kuka. Matarsa ta ja ni ɗaki ta ce ita ma hankalinta bai kwanta ba, amma ba ta iya magana.

Na koma wajen mushe ko zai zo ya yi masa bayani, sai ya ce, "Ni don jarabawa na koya muku, kar ki sa ni cikin zancen gidanku." Wannan ya fi ƙona mini rai. To me ya sa ya koya mana?

Yanzu kawu ya ce in na sake ambaton tanon in tattara in koma Bambeye, ga bak, jarabawar gama sakandare, ya matso, ba ni da wani masauki. Ni ban ce tanon na da guba ba, ban sani ba, shi ma bai sani ba. Ni na koma shan ruwa makwabta, yaran kuwa suna nan suna sha.

In yi shiru har in gama jarabawa, ko in kira babana, ko in huda tanon a ɓoye? Kuma don Allah wanda ya san inda ake auna irin wannan a Tawa ya faɗa mini.